Fatihar Almahdi

Alsawra, Omdurman
9 ga Oktoba, 1995

Zuwa ga Saudatu, Maman Ikhlas,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga gida ba. Yaya jikinki, yaya Ikhlas da tarin da kika ce yana damunta? Yaya Baba da ƙafarsa? Ki gaishe da Inna da duk mutanen Tudun Wada. Ni lafiyata lau, karatu yana tafiya, kuma in Allah ya yarda jarrabawar ƙarshe bayan babbar salla ce. Daga nan sai gida.

Wannan takardar wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano na ba, ba gidan waya ba, shi ya sa zan faɗa miki abin da ban saba rubutawa ba.

Kin san gidan da nake haya, na Baba Idirisu, telan nan na Kasuwar Libiya wanda kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a nan bai ƙarasa ba. Kin san matarsa Hajja Fatna, da ɗansu namiji tilo, Almahdi mai gyaran rediyo. To, an kama Almahdi.

Ba laifi ya yi ba. A nan sojoji sukan tare motocin haya, su sauke samari, duk wanda ba shi da shaidar ya yi bautar ƙasa a jefa shi cikin babbar mota. Kasha suke kiran abin. Almahdi ya tsallaka Khartoum sayen kayan aiki, aka sauke shi a kasuwar Suk al-Shabi. Daga can sansani, daga sansani kuma kowa ya san Kudu ake kai su, inda ake yaƙi.

Da na ga Hajja ta kasa cin abinci, sai na ce bari in yi wani abu. Na tafi wajen Ustaz Jibirin, shugaban kwamitin unguwa, wanda katin rabon sukari da takardar shaidar zama duk ta hannunsa suke bi. Na tsara maganata kamar yadda na saba lokacin ina aikin jarida a Kaduna, hujja bayan hujja. Na ce masa mutanen nan 'yan'uwanmu ne na Nijeriya, da wane dalili za a kai ɗan Nijeriya yaƙin Kudu?

Saudatu, sai ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce ashe baƙi ne, to sai a kawo takardar zama ɗan ƙasa ta Idirisu a sake dubawa, da ta shago, da ta filin gida. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce zafin rana ya toshe masa kunne yau, bai ji abin da na faɗa ba, in tafi in sha ruwa.

Ni da kaina na ba Baba Idirisu labari, ina tsammanin ko zai ga ƙoƙarina. Tun da na zo gidan nan Hausa yake yi mini, irin tasu mai gauraye da Larabci. Ranar da Larabci zalla ya amsa. Ya ce, “Ya Ustaz, a nan aka haifi ubana, a nan aka binne shi. Wane baƙo kake nufi?” Ya ce tun yana yaro ake kiransu Fallata, sunan da ake laƙaba wa masu asali daga ƙasashenmu, ana tambayarsu yaushe za su koma, kuma duk rayuwarsa ya yi ta ne yana toshe wannan ƙofar, ni na je na buɗe ta da rana tsaka. Ya ce ko da zai yarda ya rasa gida da shago don ya fito da yaron, Almahdi ba zai yarda a kira shi baƙo a garinsu ba.

Na zaci tun da “ina kwana” ɗaya muke yi da su, to mun san juna. Yanzu nake lura da abin da ya kamata in lura da shi tuntuni. Idan na shigo tsakar gida suna hira a kan gadajen igiya, hirar takan koma ta tsadar albasa. Sun san gwamnati ce take ciyar da mu ɗaliban waje, sun ga 'yan'uwana suna jerin gwano da kabbara a talabijin. Ba su taɓa hana ni abinci ba, amma ba su taɓa ba ni maganarsu ba. Yanzu ko albasar ba a yi a gabana, shiru ake yi.

Ban tashi daga gidan ba, su ma ba su ce in tashi ba. Ki sa Almahdi a addu'a. Ni kuma ki roƙa mini Allah ya nuna mini yadda zan gyara abin da na ɓata da mutanen nan.

Mijinki mai kewarki,
Sabitu

Alsawra, Omdurman
12 ga Maris, 1996

Saudatu,

Gaisuwa da fatan kun yi salla lafiya, ke da Ikhlas da su Baba. Na sami takardarki, na kuma ga zanen hannun Ikhlas da kika sa a ciki. Yatsunta sun yi tsawo.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Almahdi ya rasu.

Ranar Asabar bayan la'asar Ustaz Jibirin ya zo da wasu mutum biyu masu fararen kaya. Ba su kawo gawa ba, sun ce an binne shi a can dajin da ya faɗi. Kuma ba su ce ya mutu ba. Sun rungume Baba Idirisu suna murmushi, suna ce masa mabruk, wato barka, ɗanka ya yi shahada. Hajja ta buɗe baki za ta yi ihu daga bayan labule, ɗayansu ya ɗaga murya ya ce uwar shahidi ba ta kuka, guɗa take yi.

Kin tuna a shekarata ta farko na rubuta miki labarin bikin shahidi? Na ce miki na ga wani abin mamaki a talabijin, uwa an kashe ɗanta tana raba alewa, na ce ban taɓa ganin imani irin wannan ba. Ga shi ya zo gidanmu. Ba za a yi zaman makoki ba. Ranar Alhamis za a kafa runfa a ƙofar gida, a zo da mawaƙa da lasifika da masu ɗaukar hoto, a yi wa Almahdi bikin aure, tunda a cewarsu yana can Aljanna ango ne. Ba a tambayi Baba ko yana so ba. An dai gaya masa rana.

Tun ranar Asabar maƙwabta suke shigowa su zauna su fita. Ba wanda ya yi ta'aziyya, don ba a san wanda zai kai labari ba. Ba wanda kuma ya iya cewa barka. Sai a sha shayi a kalli ƙasa. Baba yana fita shago kamar kullum, amma maƙwabcinsa ya ce mini kekensa bai motsa ba.

Ga inda abin ya shafe ni. Jiya Muhajir, shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai, ya kira ni. Ya ce an zaɓe ni in yi jawabin taya murna a madadin ɗaliban Afirka, da Larabci don kyamara, da Hausa don uwar ango. Na ce a nemi wani. Ya yi dariya ya ce wane wani, ni da nake cin tuwon asidar gidan angon safe da yamma. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya rufe ƙofa. Ya ce, “Malam Sabitu, sunanka daga sama ya zo, ba ni na zaɓa ba. Saura ƙiris ka karɓi takardarka. Ka karanta shafi ɗaya ka zauna, kada ka yi mana wautar 'yan jarida.” Ya tuna mini cewa izinin zamana a ƙasar nan a hannun waɗanda suka aiko da sunan yake. Muhajir ba mugu ba ne, Saudatu. Ɗan Zariya ne kamarmu, kuma ya gaskata abin da yake faɗa.

Na rubuta jawabin. Ba zan ɓoye miki ba. Na zauna na cire duk kalmar da na san ƙarya ce, na bar ayoyi da yabon halin Almahdi, amma kalmar barka ba ta ciruwa, ita ce dalilin taron. Ina gaya wa kaina cewa in ban karanta ba wani zai karanta, kuma zai fi ni ƙarfin murya. Ina tuna ke da shekarun da kika yi kina jira a ɗakin Inna, da Baba da yake gaya wa mutanen masallaci ɗansa yana Sudan yana neman ilimi.

Ɗazu ina cika buta a bakin randa, Hajja tana tsince wake a inuwa. Rabon da ta yi mini magana in ba gaisuwa ba tun watan Oktoba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ya waladi, ɗana, a can garinku in ɗa ya mutu, me uwa take yi?” Na ce kuka take yi, Hajja. Ta ce, “Ana barinta?” Na ce ana barinta, mata ma su taru su taya ta. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ban san me take nufi da tambayar ba. Ko roƙo ne, ko zargi, ko kuwa so take kawai ta ji cewa akwai wani wuri a duniya da ake barin mutum. Na karanta littattafai da yawa a kan yadda ɗan Adam yake gane ɗan'uwansa, ba wanda ya taimake ni a bakin randar nan.

Zan rubuto miki bayan Alhamis. Ki sumbaci Ikhlas.

Naki,
Sabitu

Alsawra, Omdurman
16 ga Maris, 1996

Maman Ikhlas,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya, kada gabanki ya faɗi. Zan ba ki labarin a jere yadda ya faru.

Tun da hantsi aka toshe layinmu da runfa. Aka jera kujerun ƙarfe, aka rataya hoton Almahdi da aka ƙara wa girma, wanda ya ɗauka don katin shaida, yana kallon gefe kamar an kira shi. Bayan la'asar motoci suka zo. Samari masu kakin sa-kai suna tsalle suna waƙa, kowa ya ɗaga yatsa ɗaya sama yana kabbara. Ana zagawa da dabino da alewa, ana fesa wa mutane turare. Mutanen unguwa sun cika wurin, don an bi gida gida an gayyace su, kuma an san wanda bai zo ba.

An zaunar da Baba Idirisu a gaba, tsakanin Ustaz Jibirin da wani babban baƙo. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa bai motsa ba. Hajja tana gefen mata. A nan mace mai makoki farin ƙyalle marar ado take yafawa, amma ita an naɗa mata mayafi mai furanni, wasu mata da ba mu sani ba sun kewaye ta suna guɗa a kunnenta.

Mutum uku suka yi magana kafin ni. Ɗaya ya ce waɗanda suka binne shi sun ji ƙamshin almiski. Sai aka kira sunana, aka ce ga ɗan'uwa daga Nijeriya.

Na tashi da takardata a hannu, kuma wallahi da niyyar karantawa na tashi. Na isa gaban lasifika, na yi bisimilla. Baba yana gabana, bai fi taku kaɗan ba. Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, ba kuma da roƙo ba. Irin kallon da mutum yake yi wa abin da ya riga ya san yadda zai ƙare. Sai na ga ban iya cewa barka a cikin wannan fuskar ba. Bakina ya ƙi.

Dole in bayyana miki wata al'adarsu. A ƙasar nan idan ka je ta'aziyya ba ka fara da magana. Kana hango mai makoki sai ka tsaya ka ɗaga tafin hannuwanka biyu daidai ƙirji, ka ce al-Fatiha. Shi kuma ya miƙe ya ɗaga nasa, duk wanda yake wurin ya ɗaga, a karanta a ɓoye, a shafa. Ba a barin hannun da aka ɗaga shi kaɗai. Ko maƙiyinka ne ya ɗaga maka, sai ka amsa. Kuma ba a yi wa ango wannan. Mamaci ake yi wa.

Na sa takardar a aljihu, na matsa daga lasifikar, na tsaya a gaban Baba na ɗaga hannuwana. Na ce al-Fatiha. Muryata ko layi na biyu ba ta kai ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Mai kyamara yana kaina. Na ji wani a bayana yana cewa me yake yi. Babban baƙon ya juya yana kallon Ustaz Jibirin. Na fara tunanin na sake yin irin ta watan Oktoba, na jawo wa mutanen nan abin da ba su nema ba.

Sai Baba ya miƙe. A hankali, yana dafa kujera. Ya ɗaga nasa.

Tsofaffin layin farko suka tashi, kamar jikinsu ne ya tashi kafin su yi shawara. Na bayansu suka bi. Kujeru suna ƙara har ƙarshen runfa. Masu waƙar suka yi shiru, na ga wani yaro cikinsu mai kaki ya sauke yatsansa yana duban abokansa, sannan ya buɗe tafinsa. Ustaz Jibirin ya tashi. Babban baƙon ya zauna shi kaɗai na ɗan lokaci, amma wa zai zauna ana karanta Fatiha? Shi ma ya tashi.

Muna shafawa Hajja ta yi ƙara. Saudatu, ban taɓa jin irin wannan sautin ba. Ta kira sunansa, ta fizge mayafin nan ta jefar, matan unguwa suka ture baƙin matan suka rufu a kanta, gaba ɗaya gefen mata ya ɗauki kuka. Wani ya yi ƙoƙarin tayar da kabbara a lasifika, ba wanda ya amsa. Baba ya kama kafaɗata ya kifa goshinsa a kai, jikinsa yana girgiza. 

Kafin magariba motocin sun tafi. Runfar da aka kafa don biki ita muke zaman makoki a cikinta yau kwana na biyu. Maƙwabta suna kawo manyan farantan dafaffen wakensu na ful da gurasar kisra. Baba ya sa an ajiye mini kujera kusa da tasa, inda ɗan gida yake zama. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga masa hannu ya ɗaga mini, har hannuwana sun yi tsami.

Ba wanda ya zo nemana tukuna. Muhajir ya aiko a ce in je ofis ranar Litinin da fasfona.

Ki yi mini addu'a, kuma kada ki gaya wa Babana komai yanzu.

Mijinki,
Sabitu

Alsawra, Omdurman
28 ga Maris, 1996

Saudatu, uwar ɗakina,

Ina gaishe ki, ina gaida Ikhlas, Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Wataƙila ta riga ni isowa da kwana kaɗan.

Ina dawowa gida, kuma ba tare da takardar shaidar karatu ba. An cire sunana daga masu jarrabawa, an soke izinin zamana. Jirgin Kano na mako mai zuwa zan biyo.

Ba a taɓa lafiyata ba. Daga ofishinmu aka wuce da ni wani gidan jami'an tsaro marar allon suna a Khartoum, aka zaunar da ni wuni guda, washegari ma aka sake yin haka. Tambaya ɗaya suke juyawa: wa ya sa ni? Na ce ba kowa. Suka ce to me nake nufi da abin da na yi? Na ce Fatiha na karanta wa mamaci. Mai tambayar ya ce ai ya san Fatiha ce, yana wurin, shi ma ya karanta. Ya faɗi haka ne da haushi, kamar wanda aka yi wa sata.

Muhajir ya zo ɗakina. Mun daɗe muna magana da Hausar Zariya tsantsa, babu kalma ɗaya da ɗayanmu bai sani ba, amma ya tashi yana ganin na zubar da mutuncin ɗalibai don neman suna, ni kuma na kasa sa shi ya ga fuskar da na gani. Mun yi musabaha. Ina jin ba zai sake nemana ba.

Abin da ya hana ni barci ba kaina ba ne, gidan nan ne. Ni zan hau jirgi, su fa? Kullum ina jiran a zo a ce Baba Idirisu ya kawo takardunsa.

Shekaranjiya bayan sallar azahar Ustaz Jibirin ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ja ni inuwar wata bishiyar maina. Ya ce shi ne ya kai rahotona, gara in ji daga bakinsa. Ya ce an tambaye shi wa ya shirya abin, kuma ba a karɓar “ba kowa” a wurin nan. Sai ya ce musu ɗalibi baƙo ne, ɗan jarida mai taurin kai, wanda tun bara yake kawo masa maganganun banza. Ya ce musu Idirisu tsoho ne mai biyayya, an ɗaga masa hannu ne ya rasa yadda zai yi, kamar yadda kowa ya rasa. Ya dube ni ya ce, “Ya Ustaz, dole in ɗora wa wani. Kai kana da ƙasar da za ka koma. Su ba su da ita.”

Na tsaya ina neman fushi a cikina, ban samu ba. Mutumin nan ya raba ni da abin da na bar ki na zo nema, kuma da ni ne a kujerarsa, sunan da zan bayar ke nan. Na ce masa daidai ne. Ya ce ma'alesh, wato yi haƙuri, ya dafa ƙirjina, ya juya ya tafi da sauri. Ban sani ba ko mutumin kirki ne. Na dai san a duk garin nan ba wanda ya karanci abin da ya faru sarai kamarsa, kuma ba a taɓa gidan Baba Idirisu ba.

Yanzu saura ke. Na san abin da kika haƙura da shi, na san kin ƙirga watannin nan fiye da ni. Ba zan ce miki na yi wani abin jarumta ba, don da niyyar karanta jawabin na tashi. Kuma ba zan ce na yi nadama ba, don ƙarya ne. Idan ranki ya ɓaci, ki bar shi ya ɓaci, kada ki ɓoye mini don na sha hanya. Zan zauna in ji duka.

Babana kuwa ki bar mini shi. Ki ce masa kawai ina tafe, ni zan durƙusa in gaya masa da bakina.

Hajja tana gaishe ki. Farin ƙyallenta ta yafa yanzu, tana kuka safe da yamma, kuma ta fara cin abinci.

Sai na iso.

Mijinki,
Sabitu